Tabarya a Tayar Baya

Duk unguwar Takur da ke Dutse babu wanda bai san motar Idirisu ba. Ja ce, mai ƙofa biyu, an ƙera ta tun kafin a haife shi, irin waɗanda aka yi don gudu ba don iyali ba. A gidan wani tsohon ɗan kwangila ya samo ta, kaji na ƙwai a kujerar baya, ya shekara uku yana yi mata hidima. Fentinta har Kano ya kai aka yi, kuma ko matarsa Zuwaira ba ta isa ta jingina da ita ba.

Da aka gama fenti sai ya ga motar ta yi tsawo. Ya sa Isah bakanike ya rage tsawon sifirin da ke ɗauke da jikin motar, ta durƙusa har kyanwa ma sai ta kwanta kafin ta shige ƙarƙashinta. Da ta durƙusa kuma sai tayoyin suka yi masa siranta. Mai son mota dai ba ya gamawa. Ya yo odar wili huɗu masu faɗi da tayoyinsu, Isah ya ɗaura, sannan ya zura hannu tsakanin taya da ƙarfen jikin motar, don shi da yatsa yake awo.

"Yatsa biyu ya rage, yallaɓai. Ya isa, in kai kaɗai ne a ciki."

"Da ma wa zan ɗauka?" in ji Idirisu.

Sati bai zagayo ba aka sa ranar walimar saukar Alƙur'ani ta 'yarsu Najwa. Sai ga saƙo daga Modibbo, mahaifin Zuwaira, malami mai shanu a wani ƙauye bayan Jahun, cewa Idirisu ya zo da kansa ya ɗauko shi. Shekara sha huɗu da auren, Modibbo bai taɓa yi masa magana ta wuce amsa gaisuwa ba. A ganinsa, magidancin da yake wanke ƙarfe safe da yamma bai gama hankali ba. Abin yana cin Idirisu a rai fiye da yadda yake nunawa. Zuwaira ta ce ya ari motar maƙwabci. Ya ƙi, wai yau Modibbo zai ga aikin hannunsa.

Ya isa da hantsi, ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Modibbo ya zagaya motar sau ɗaya. Sai aka fara fito da kaya, don dattijo irinsa ba ya zuwa gidan 'yarsa hannu rabbana. Buhun gero biyu, ƙwaryar man shanu, ga kuma rago mai ƙiba. Ina surukin da zai buɗe baki ya ce kyautar ta yi yawa? Idirisu yana kallo aka danna buhu ɗaya a but ɗin motar, ɗaya a kujerar baya, aka ɗora ragon a kai. Yatsa biyun Isah suka ɓace.

Suna hawa kwalta tayoyin baya suka fara ƙara, ƙiii, ƙiii, rago yana amsa musu. Ƙaurin roba ya cika motar.

"Kukanta ke nan, ko ciwo take ji?" in ji Modibbo.

"Haka suke, Baffa," in ji Idirisu, gumi na bin wuyansa.

Ba su kai Kiyawa ba hayaƙi ya tashi, dole ya tsaya a bakin wani ƙauye. Ƙarfen ya riga ya fara yankar sabuwar tayar. Ya koma gefe ya kira Isah a waya.

"Hanya biyu ce, yallaɓai. Ko ka sauke kaya, ko ka nemi tabarya ka sa tsakanin tayar da ƙarfen, a tura motar a hankali, bakin ƙarfen zai buɗe. Amma fa fenti zai tafi."

Modibbo ya fito ya zauna a inuwar bishiyar maina da carbinsa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "In geron ya fi ƙarfinta, a bar shi a nan. Masu ƙauyen ma bayin Allah ne."

Idirisu ya dubi motarsa, rana na ƙyalli a jan fentin nan. Wallahi har zuciyarsa ta ce masa gero ai akwai shi a kasuwa. Amma ya san in ya sauke buhu ɗaya a bakin titin nan, shi da Modibbo sai dai gaisuwa har abada. Ya nufi wata dattijuwa da take daka a ƙofar gida, ya roƙi aron tabaryarta. Ta dube shi, ta dubi motar, ta ce ya dai dawo mata da ita lafiya.

Ya durƙusa ya cusa tabaryar. Saura mai turi. Kafin ya waiga neman taimako, Modibbo ya naɗe hannun babbar rigarsa ya dafa bayan motar. Taya ta juya, tabarya ta bi ta, fenti ya riƙa darewa, ƙas, ƙas, yana zuba a kan takalmin Idirisu. Hawaye suka cika masa ido. Ya goge da kafaɗa ya koma ɗaya gefen, aka sake yin haka.

Ya mayar wa dattijuwar tabaryarta, suka kama hanya babu ƙara babu hayaƙi, jikin motar ya lanƙwashe gefe biyu. Da duwatsun Dutse suka bayyana, Modibbo ya juyo ya dube shi.

"Ka ji zafi," in ji Modibbo.

"A'a, Baffa."

"Ka ji. Na ga fuskarka." Ya ja carbi na ɗan lokaci. "Buhu biyar na ware wa jikata. Uku na bari a zaure, don ban yarda za ka iso da mu ba. Ran Asabar ka dawo ka ɗauka. Ka zo da wuri, akwai maganar gona da nake son jin shawararka."

Shawararsa! Sitiyarin ya kusa suɓuce wa Idirisu. Ya ce, "To, Baffa. Zan aro motar maƙwabci."

"A'a, da wannan za ka zo," in ji Modibbo. "Na ga tana jin magana."