Nauyin Baba Dunoma

"Kashe shi, Baba! Iska yake sha!"

Baba Dunoma ya kashe injin. Farfelar ta bar kururuwa, jirgin ya ci gaba da lilo a bakin dam ɗin Kazaure, ko nan da can ba su je ba. Sama'ilu, da ke zaune a gaba, ya share fuska da hularsa. Wallahi ya gaji da jirgin nan.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Dunoma mutumin Baga ne, a kan ruwa ya girma, cinikin bandar kifi ya kawo shi cikin duwatsu ya zaunar. A shekarun da kuɗin fetur suka sa kowa sayen babur, shi sai ya kinkimo wani lotsattsen jirgin alminiyam da masu gina dam suka yar. Sama'ilu bakaniken injin niƙa ne, bai taɓa hawa ruwa ba, amma maƙwabtaka ta ja masa. Shi ya buge lotsawar, shi ya toshe yoyon, shi ya ɗaura injin a katakon baya. Burin tsohon ɗaya ne: ya tsallaka dam ɗin da hannunsa a kan inji.

"Injin ya yi sama," in ji Dunoma. "Ka rage katakon."

"Baba, watan jiya da bakinka ka ce daidai yake. Na rage, ka ce na ƙara ragewa. Saura me?"

"To ni zan ce maka katako girma yake yi? Farfela ba ta kama ruwa, ka rage."

Sama'ilu ya fita ya ja jirgin gaɓa, ya miƙa hannu ya ɗago tsohon. Sai ya ji kamar damin kara ya ɗauka. Mutumin da a da in ya zauna a baya gindin jirgi ke nutsewa, yau babbar riga ce kawai ta rage. Ashe katakon ba shi da laifi.

Da ya raka shi gida, Gumsu matar tsohon ta tsaya a bayan ƙofar zaure ta rage murya. "Ko kunu ba ya zama a cikinsa. Ya hana in faɗa."

Ranar Juma'a Sama'ilu ya riga tsohon zuwa dam. Ya cika buhu da yashi, ya cusa ƙarƙashin mazaunin baya, ya rufe da tsohuwar tabarma.

"Ka rage?"

"Na gyara, Baba."

Inji ya tashi, farfela ta kama ruwa, gaban jirgin ya ɗaga. Sama'ilu ya ƙanƙame gefe yana salati. Tsohon kuwa ya miƙe wuya, yana rera wata waƙa da Barbarci, iska na kaɗa masa gemu. Suka tsallaka, suka taɓa wancan gefen, suka juyo.

A tsakiyar ruwa Dunoma ya sassauta inji, ya daki tabarmar da diddige.

"Wannan duk ni ne na tafi?"

Sama'ilu ya sunkuyar da kai.

"Ja'iri. Da sikelin 'yan gyaɗa ka kai ni, da ka huta da ɗauka." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Juma'a mai zuwa ka ƙaro kaɗan."

Sama'ilu ya cika ƙaramin buhu ya jingine a zaurensa. Ranar Laraba bayan Azahar ya ji kukan Gumsu ta kan katanga. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma rashin nauyinta ya fi komai ɓata masa rai.

Bayan sadakar uku Gumsu ta kira shi bakin zaure. "Ya bar maka jirgin. Ya ce ka cire buhun, kar danshi ya ruɓar da katako."

Da La'asar ya gangara dam. Ya yaye tabarmar, ya rungumo buhun da ƙyar, ya dire shi a gaɓa ya zauna kusa da shi yana haki. Gindin jirgin ya taso a hankali, kan farfelar ya leƙo waje, ruwa na ɗiga daga jikinta.