Randar da Ba Ta Gumi

Ni ba na cikin mutanen da ake cuta su ce sun bar wa Allah su juya. Ina bar wa Allah, amma sai na fara yin nawa tukuna. Haka na taso a Utai, kuma shekara huɗu a jami'a a Wudil ba su rage mini komai ba.

A shekarar ƙarshe a sashenmu na zane da ƙira, kowane ɗalibi sai ya ƙirƙiro wani abin amfanin gida, ya zana shi, ya haɗa shi, ranar baje koli malamai su zo su ba da maki. Nawa randa ce. Randa mai hawa biyu a kan ƙafafun ƙarfe, ta ƙasa da ɗan famfo don kada kowa ya riƙa tsoma moɗa, ta sama kuma a ajiye tumatir da alayyafo su kwana uku ba su yi yaushi ba. Kakata Indo maginiyar tukwane ce, a gindinta na girma, kuma tun ina yarinya take cewa randa da gumi take sanyi. Ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓun, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Wata biyar na yi ina zana wannan abu a wani baƙin littafi da ba na rabuwa da shi sai in zan tafi salla.

To, lokacin sallar ne Jamil ya samu. Jamil ɗan ajinmu ne, ɗan birni, mai ƙamshi da farar shadda, wanda tun da yake bai taɓa shan ruwan da bai fito daga firji ba. Ranar da muka kai wa Malam Mu'azu, mai duba aikinmu, zanen farko, Jamil ya riga ni shiga. Ina shimfiɗa nawa a tebur Malam ya ɗago ya dube ni, ya jawo wata takarda ya ajiye a gefe. Randata ce, har da ɗan lanƙwasan da na yi wa ƙafar ƙarfen.

"Rahinatu, wa ya kwafi wani a cikinku?"

"Wallahi Malam nawa ne. Kakata ma—"

"Shi ma ya rantse," in ji Malam. "Ba ni da shaida. Kowa ya haɗa nasa, ku kawo ranar baje koli. Wanda aka gane shi ne ya kwafa, zai maimaita shekara."

Na fito ina kuka, kuma ba kukan tausayin kai ba ne, na baƙin ciki ne tsantsa. Ni ce ta farko a gidanmu da ta taka jami'a, a ce in koma Utai da sunan ɓarauniya a kan abin da na gada? A bakin ƙofa na tarar da Jamil yana danna waya. Ya ce, "Haba 'yar Utai, tunani ai yakan zo ɗaya." A nan na yi alkawari a raina sai ya gane kurensa.

Ban yi faɗa ba, duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kwana biyu bayan nan na buɗe sabon shafi a baƙin littafin, na zana randar da kyau, na rubuta da jan biro: a shafe ciki da waje da koren fenti mai sheƙi, sau uku, don ta daina yoyo kuma ta burge masu dubawa. Na ja layi biyu a ƙasa. Da aka kira azahar na bar littafin a kan teburina a ɗakin zane, na sa zaren gyalena ɗaya a tsakanin shafukan, na tafi masallaci. Na daɗe ina addu'a ranar nan. Da na dawo zaren yana ƙasa.

Ƙarshen mako na tafi gida muka kwaɓa yumɓu da Inna Indo. Ina ba ta labari tana murza bakin randa da tsumma, ba ta ko ɗago ba.

"Ke dai ja'ira ce," ta ce. "Ramin mugunta a gina shi gajere."

"Inna, daidai tsayin Jamil na gina."

Ta yi dariya har ta ɓata bakin randar, sai da ta sake shi.

Ranar baje kolin ta faɗo a tsakiyar bazara, ga shi an ɗauke wuta tun safe, zauren ya zama kamar tanda. Randar Jamil kuwa, a faɗi gaskiya, ta yi kyau. Ya ba magina a kasuwar Wudil sun yi masa, ya shafe ta kore shar tana ɗaukar ido, 'yan aji ɗaya sai hoto suke yi da ita. Tawa tana gefe, ja, ba ado, jikinta jiƙe, har ta ɗan ɗiga a siminti. Jamil ya leƙo ya ce a hankali, "Taki yoyo take yi fa." Na ce masa na gani.

Babban mai dubawa wani dattijon farfesa ne da aka gayyato daga wata jami'a. Ya iso wajenmu yana share gumi da hula a hannu, Malam Mu'azu na biye da shi yana yi masa bayanin rigimarmu. Bai tambayi kowa zane ba. Kofi ya nema.

Ya fara da ta Jamil. Ya tara, ya kurɓa, ya tsaya da ruwan a baki yana neman inda zai zubar. Da ƙyar ya kai taga. Ya buɗe hawan sama, tumatir ɗin da aka zuba tun jiya sun yi laushi suna warin fenti.

"Ɗana, wannan ruwan wanka ka dafa mana?" Zauren ya fashe da dariya. "Wa ya ce maka ana yi wa randa fenti? Ka toshe mata hanyar gumi, ta ina za ta yi sanyi? Je ka tambayi kowace tsohuwa a garin nan. Kai da ka ce kai ka ƙirƙiro ta, ba ka san da me take aiki ba?"

Jamil ya dubi farfesa, ya dubi masu dariya, sannan ya dube ni. Ni kuwa na yi masa murmushin da na yi wata biyu ina ajiye masa. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, shi ma bai tsaya tunani ba.

"Munafuka! Ke kika rubuta a shafa sau uku! Da jan biro kika rubuta, na gani da idona!"

Dariyar ta tsaya cak. Malam Mu'azu ya cire tabarau a hankali ya ce, "A ina ka gani, Jamil?"

Ban jira amsarsa ba, na zaro baƙin littafin na buɗe shafin na miƙa. Farfesa ya karanta, ya dubi randata da ba ta ga fenti ba, ya ce, "'Yata, ke da kika rubuta, me ya hana ki shafa?"

"Ranka ya daɗe, ba don ni na rubuta ba. Mai karanta mini littafi na rubuta wa."

Ya so ya ɓoye dariyarsa bai iya ba. Ya tara kofi a tawa ya shanye, ya sake tarawa, ya ce wannan na wanke baki ne.

Da aka watse na tarar da Jamil zaune a dakalin waje cikin rana, shaddar ta manne masa a baya, leɓensa ya bushe. An riga an gaya masa sai baɗi. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, ba zan yi ƙarya ba. Na koma ciki na ciko kofi daga randata na kawo masa. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya karɓa, don ƙishirwar bazara ba ta san girman kai ba. Na tsaya a kansa har ya shanye.

"Da sanyi?" na ce.

Ya gyaɗa kai bai ɗago ba.

"To, abin da ka so sata ke nan. Ba a littafi yake ba, a hannun kakata yake."

Na karɓi kofina na tafi.