Hantar Ragon Suna

Shekara tara Iliyasu ya yi a wani ɗakin bincike a Yamai yana kiwon ɓeraye. Aikinsa ya ba su abincin da aka haɗa da sinadarin roba, bayan wata biyu a farke su a duba hanta. Da ya dawo Matameye, shekarar da ruwa ya ƙi kuma sojoji suka karɓi mulki, sai 'yan gari suka laƙaba masa Likitan Ɓeraye.

Awakin mahaifiyarsa, Iya Balki, da rago ɗaya su ne duk abin da ta mallaka. Da ciyawa ta ƙare sai ta koma sayen dusa wurin Alhaji Lawwali. Cikin wata uku guda shida suka mutu. Tsohuwa sai dai ta zauna tana kallon turaku wayam. Iliyasu ya farke akuyar da ta mutu ƙarshe, ya ga hanta ta kumbura ta yi rawaya, irin wadda ya sani sarai. Ya tankaɗe dusar, sai ga niƙaƙƙiyar roba an cuɗa don mudu ya cika.

Ya je rumfar Alhaji ya faɗa masa. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. "Likitan Ɓeraye, fari ne ya kashe su. Je ka nemi jaba ka yi mata allura." Kasuwa ta ɗauka.

Zuciyar Iliyasu ta ƙi sanyi. Rago ɗaya ya rage a gidan. Ya ɗaure shi, kullum dusar Alhaji zalla yake zuba masa. Yana tausayin ragon, wallahi, amma ko rana ɗaya bai fasa ba.

Da matar Alhaji ta haihu, Iliyasu ya ja ragon har ƙofar gida, ya ce gudummawa ce. Alhaji kuwa, in dai kyauta ce, ba ya tambaya. Ranar suna aka yanka, mahauci ya zaro hanta zai gasa wa maijego, sai ya tsaya yana jujjuya ta.

"Gasa mata mana," in ji Iliyasu da ƙarfi, gaban malamai da baƙi. "Kwana arba'in dusarka kaɗai ya ci, Alhaji. Ai ka ce ba komai a ciki."

Mahauci ya miƙa hantar kan garwashi. Alhaji ya yi wuf ya kaɓe hannunsa, ta faɗi cikin ƙasa.

"Kar ta ci! Kar a ba kowa naman nan!"

Iliyasu ya bi taron da kallo, mutum bayan mutum, har ya tabbata kowa ya ji.