Maganin Laraba

"Nas! Ki zo, Baba Tela ya faɗi!" aka ƙwala mata kira ta katanga.

Ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba. Ta suri na'urar awon jini ta faɗa gidan maƙwabcinsu, ta tarar da Baba Tela kwance a gindin keken ɗinkinsa, baki a karkace, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Matarsa, Inna, sai fifita take yi masa da kwali. Nas ta ɗaura masa na'urar. Ɗari biyu da talatin. Ta sake gwadawa, ko na'urar ce ke ƙarya. Ba ƙarya take yi ba.

Kafin motar da aka samo ta isa asibiti, rai ya yi halinsa.

Ita fa ba nas ba ce tukuna, ɗaliba ce. Tsohon ne ya laƙaba mata sunan. Da makarantarsu ta haɗa ɗalibai huɗu-huɗu daga fannoni daban-daban, aka ce kowace ƙungiya ta nemi mai hawan jini ta riƙa dubawa, ita ta kawo sunansa, har da bugun ƙirji. Duk Laraba suna zuwa. Ita ke awon jini. Ɗalibin likitanci, wanda Baba ke kira Likitan Gobe, ya saurari ƙirji. Mai Ƙwaya, ɗalibar haɗa magunguna, ta duba kwalin magani. Na huɗunsu mai karatun abinci ne, shi kuwa Maƙiyin Gishiri ya zama. Kowa da takardarsa da malamin da zai ba shi maki, kowa ya cike tasa ya cusa a jaka. Mako tara awo na fita sumul, kuma wannan sumul ɗin ne yanzu ya tsaya mata a rai.

Da Laraba ta zagayo, suka zo yi wa Inna gaisuwa. Ta zaunar da su a ɗakin ɗinkin, ta miƙo wata leda.

"Ga sauran maganinsa, ko wani zai amfana."

Ledar ta yi nauyi da yawa. Nas ta buɗe, ta ga ƙwayoyi jingim.

"Inna, ba ya sha ne?"

"Yana sha mana. Daga Litinin zuwa Laraba, ba fashi. Cewa yake, kada yaran nan su faɗi jarrabawa saboda ni."

Mai Ƙwaya ta sunkuyar da kai. "Na ga ba ya raguwa yadda ya kamata. Na rubuta, wallahi na rubuta." Ta zaro takardarta ta ɗora a teburin yanka. "Malamata har yabawa ta yi."

"Ni ya gaya wa dalili," in ji Maƙiyin Gishiri, muryarsa can ƙasa. "Wai maganin na sa shi yawan fitsari, ba ya iya gama riga ɗaya bai tashi sau uku ba. Har dariya muka yi. Na ga ba fannina ba ne, sai na sa a ƙasan shafi."

Likitan Gobe ya dafe kai. "Ai canza masa kawai za a yi! Akwai wani iri. Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

"Ka tambaya?" in ji Mai Ƙwaya.

"Lambobin Nas na gani, sai na rubuta a ci gaba."

Kunya da baƙin ciki suka kama Nas. Bango ɗaya ne tsakaninta da Baba. Kullum tana jin ƙarar kekensa, na'urar kuma na rataye a ƙusa a ɗakinta. Ba ta taɓa tsallakowa ran Asabar ba, don Laraba kawai takarda ta ce.

Ta fito da tata ta ajiye kusa da ta Mai Ƙwaya. Sauran biyun ma suka ajiye nasu. Yau ne karon farko da takardun huɗu suka haɗu wuri guda.

"Allah ya yi muku albarka," in ji Inna. "Ko 'ya'yan cikinsa ba su kula da shi haka ba."

Iska ta shigo ta taga tana ɗaga takardun, Inna ta ɗauki almakashin Baba ta danne su. A kan keken, farar rigar aikin da yake ɗinka wa Nas tana nan, hannu ɗaya ba a haɗa ba, allura a soke.