Bunsurun da Ake Mayar wa Ubangiji

Shekara tara ke nan Jaratu tana kiwon bunsurun da ba nata ba. Ba ta da ikon yanka shi, ba ta da ikon sayar da shi, ko dukansa za ta yi sai ta waiga tukuna, domin bunsurun na Ubangiji ne, kuma ikilisiya kakaf ta shaida.

Ga yadda abin ya samo asali. A gangaren unguwar Briqueterie a birnin Yawunde, ta wajen hanyar da ke hawa Tsinga, akwai wata 'yar majami'ar Lutheran wadda a da shagon kafinta ce. Mutum arba'in da 'yan kai ke sujada a cikinta, duk 'yan Arewa, wasu daga Garwa, wasu daga Ngaundere, wasu ma tun daga Numan, Hausa ce ta haɗa su. Kowace shekara idan ruwa ya kusa ɗaukewa sai su yi sujadar godiyar girbi kamar yadda suka baro a gida. To amma wa ke da gona a Yawunde? Sai kowa ya nufi kasuwar Mokolo ya sayo girbinsa. Wannan ya kawo ayaba, wancan buhun gyaɗa, tela ya kawo yadi, akwai ma direban tasin da duk shekara tsohuwar taya yake mirginowa. A jera kayan gaban bagadi, a yi addu'a, a yi gwanjonsu, abin da aka samu ya tafi aikin ikilisiya.

A shekarar da zai rasu, Iliya mijin Jaratu ya shigo da ɗan bunsuru saɓe a wuya. Dattijo Haman, shugaban kwamiti, shi ya saya. Sai da aka miƙa masa igiya ya tuna cewa a bene yake haya, hawa na uku. Mutum ne da ba ya son a ga ya ruɗe, saboda haka ya ɗaga igiyar sama ya ce, "Na mayar wa Ubangiji." Matan zumuntar coci suka rangaɗa guɗa. Guɗa kuwa ba ƙaramin abu ba ce a kunnen namiji. Aka sake gwanjo, wani ya saya, shi ma ya mayar. Ranar sau huɗu aka sayi bunsurun nan, kuma da aka tashi yana nan inda yake, yana tauna ayabar wani.

Tun daga nan abin ya zama doka, ko da yake babu littafin da aka rubuta ta a ciki. Duk shekara a kawo bunsurun, wanda aka laƙaba wa suna Baiko, wato abin da aka miƙa wa Ubangiji, a saye shi, a mayar. Saurayin da bai taɓa mayar da Baiko ba, ko gaisuwarsa iyayen yarinya ba sa amsawa da kyau. Da yake majami'a ba ta da fili, aka ce ya zauna a wajen Iliya kafin a ga abin da za a yi. Iliya ya rasu bayan wata uku. Har yau ana nan ana ganin abin da za a yi.

Jaratu ƙosai da kunu take sayarwa a ƙofar gida. Ɗaki ɗaya take haya a gidan Alhaji Sabiru, mai sayar da atamfa, wanda kakansa ne ya zo daga Kano. Alhaji mutum ne mai haƙuri, amma haƙuri ma yana da gindi. Wata Alhamis ya tsaya a bakin kaskonta, ya gaishe ta har da tambayar ciwon ƙafarta, sannan ya shiga magana.

"Maman coci, shekara tara ban ce miki kanzil ba. Ya ci hulata, na yi shiru. Ya ci katin shaidar matata, muka yi wata biyu muna zarya ofis. Warinsa kuwa, baƙi sun daina cin abinci a zaurena. To jiya ya hau gadona."

"Gadonka, Alhaji?"

"Na dawo daga azahar na tarar da shi a kwance, kansa a kan matashi. Ƙarshen wata ko ya fita, ko ku fita tare. Ke dai ba ni da matsala da ke."

Ranar ƙosai biyar ta ƙona. Tsoro ne ya kama ta sosai, don macen da ta wuce sittin, ba ɗa ba jika a garin nan, ina za ta sami ɗaki? Wa ma zai ba mai bunsuru haya?

A bayan majami'a akwai wani ɗakin ajiya mai taga da ƙofar ƙarfe. Sau biyu tun rasuwar Iliya tana roƙon a bar ta ta zauna ciki, ana hana ta. Ta ɗaura gyale ta hau benen Dattijo Haman ta roƙa karo na uku.

"Jaratu, ki fahimce ni," in ji shi, yana gyara tabarau. "Ɗakin nan na kayan Ubangiji ne. Haka kwamiti ya tsara tun farko."

Kayan Ubangijin da yake faɗa kuwa, bencina ne guda shida masu karyayyun ƙafafu, da gangar da ta fashe, da fukafukan mala'iku na kwali da ake sawa a wasan Kirsimeti.

"To Baba Haman, ku karɓi abinku mana."

"Wa zai karɓa? Ai a hannunki ya saba. Za mu ga abin da za a yi."

Tana saukowa daga bene dabara ta faɗo mata. Dokar ta ce duk wanda ya saya ya mayar, amma dokar 'yan ikilisiya kawai ta sani. Idan baƙo ne ya saya fa? Kai tsaye ta wuce wajen Gali mai suya, wanda tukubarsa ke kallon kaskonta. Gali daga Zariya ya zo shekara huɗu da suka wuce, kuma tun zuwansa ita ke ajiye masa kunu da zafinsa.

"Ɗana, ranar Lahadi akwai gwanjo a wajenmu. Ka zo ka sayi bunsurun nan, ka ja shi ka tafi. Kada ka kalli kowa, kada ka ce komai."

"Inna, in shiga coci?"

"Bayan an gama sujada ne. Ciniki za ka yi."

Gali ya juya tsire, ya yi tunani, ya ce ciniki ai ciniki ne.

Lahadi ta zo da yayyafi. Aka yi waƙoƙi, Fasto Ɗanjuma ya yi wa'azi da Hausa yana tsarma Faransanci, aka sayar da ayaba da gyaɗa, tayar ma ta sami mai so. Sannan aka shigo da Baiko, an wanke shi da sabulu, an ɗaura masa jan ƙyalle, gemunsa ya yi fari fat. Yana tafiya a hankali tsakanin bencina kamar wanda ya san babu mai fara komai sai ya iso. A daidai lokacin Gali ya bayyana a ƙofa, ya tuɓe takalmansa don ladabi, ƙamshin yaji da hayaƙi suka riga shi shiga. Babu wanda bai san sana'arsa ba.

Fasto ya buɗe gwanjo. Samari biyu suka taya kamar yadda aka saba.

"Vingt mille," in ji Gali daga baya da Faransanci, wato dubu ashirin.

Duk ido ya koma kansa. Dattijo Haman ya waiga, ya dubi Gali, ya dubi Baiko, ya gane inda aka dosa. Ya ƙara. Gali ya ƙara. To shi Gali ba son bunsurun yake ba, amma Bazazzagi ne, a kayar da shi a cinikin dabba gaban matan nan, gara a kwashe tukubarsa. Haman ma ya manta da cewa albashin fansho yake ci. Suka yi ta hawa har suka wuce kuɗin raguna biyu, sai da matar Haman ta damƙi bayan rigarsa ta zaunar da shi da ƙarfi. Fasto ya kaɗa ƙararrawa, ya miƙa wa Gali igiya.

Matan zumunta suka kama hanci, suna jiran kalmomin nan su saki guɗa. Shiru. Gali ya sunkuyo wajen Jaratu.

"Inna, me suke jira?"

"Ba komai. Ja shi ka tafi."

Ya ja, Baiko ya kafe. Shekara tara ba a taɓa jan sa ta wajen ƙofa a wannan gaɓar ba, shi ma ya san tsarin sujada. Wata tsohuwa ta fara sheshsheƙa. 'Yan mawaƙa, ba tare da kowa ya ce musu ba, suka ɗauko waƙar da ake yi wa mamaci a hankali. Gali ya kai hannu ya latsa gadon bayan dabbar irin na mahauta, ya ji kamar ya latsa tayar direban tasin nan. Wannan ko kwana uku ya yi a wuta, sai ya zubar wa masu saye haƙora. Ga shi mutum arba'in suna kallonsa kamar ya zo ɗaukar gawar ubansu. Ya ba coci kuma, me zai ce in an tambaye shi a masallaci? Gumi ya karyo masa. Sai ya ga mafita ɗaya tak.

"Jama'a, ni ban san al'adarku ba. Amma a tamu al'adar maƙwabci yana da hakki. Na ba Inna Jaratu, halak malak." Ya danƙa mata igiya, ya rage murya. "Gobe ki kawo shi in yanka miki, ko sisi ba zan karɓa ba. A dai dafa shi tun safe."

Ga Jaratu tsaye da igiya a hannu. Karo na farko cikin shekara tara bunsurun nata ne. Gobe war haka an gama, ɗakinta ya tsira, Alhaji ya kwana a gadonsa shi kaɗai. Abin da ta roƙa ke nan, har da ƙari.

Sai idonta ya sauka a wuyansa. Igiya an canza ta ya fi sau ashirin, amma abin wuyan fata yana nan, wanda Iliya ya yanko daga bel ɗinsa na aikin gadi, ya huda da ƙusa a bakin ƙofarsu yana waƙa. Ta tsani dabbar nan, Allah ya sani. Amma duk duniya shi kaɗai ne ke ɗaga kai idan ta dawo gida, kuma shi ne abu na ƙarshe da mijinta ya ɗauko da hannunsa. Kewar Iliya ta taso mata. Baiko ya matso ya fara cin bakin gyalenta.

"Na mayar wa Ubangiji," ta ji bakinta ya faɗa.

Guɗar da ta tashi har kwanon rufi sai da ya amsa. Rabon da a yi wa Jaratu guɗa tun ranar aurenta, kuma ba za a ɓoye ba, ta ji daɗinta. Sai da ta lafa ta tuna saura kwana tara wata ya ƙare. An gudu gara an faɗa gidan zago. Ta juya ta fuskanci jama'a ta faɗa musu komai, tun daga hula har zuwa matashin Alhaji.

Dattijo Haman ya miƙe a firgice. "Kina nufin Baiko zai kwana a titi?"

Nan take kwamiti ya zauna, a tsaye ma, a gefen bagadi. Kwamitin da ya shekara biyu yana shawarar launin labule, wannan karon bai kai minti biyar ba. Haman ya dawo ya yi gyaran murya.

"Kwamiti ya duba. Baiko kayan Ubangiji ne, babu jayayya. Ɗakin baya kuma na kayan Ubangiji ne. Saboda haka an ba shi ɗakin daga yau. Mai kula da shi tana iya shimfiɗa tabarma a gefe, in dai ba za ta takura masa ba."

Aka fara tafi. Jaratu ba ta tafa ba.

"Baba Haman, shi kayan Ubangiji ne, na ji. To ni kayan wane ne?"

Tafin ya mutu a hannun mutane. Haman ya cire tabarau ya shiga gogewa. Fasto Ɗanjuma, wanda ɗazun nan ya gama wa'azin cewa da tsada aka fanshi kowane ɗayansu, kunya ta rufe shi. Ya naɗe hannun farar rigarsa ya fita cikin yayyafi, ya fara fito da karyayyun bencina. Maza suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, mata suka nemo tsintsiya da bokiti. Gali ma da ya riga ya sa takalmi ɗaya, ya kinkimo fasasshiyar gangar. Haman ne na ƙarshe, rungume da fukafukan mala'iku, ba ya haɗa ido da kowa.

Amma hukuncin kwamiti hukunci ne. Da aka gama shara aka kulle ƙofa, Haman ya zo da mabuɗi a zare. Ya tsaya tsakanin Jaratu da Baiko, sannan ya sunkuya ya ɗaura shi a jikin bel ɗin Iliya.

Jaratu ta durƙusa da ciwon ƙafarta, ta kwance mabuɗin daga wuyan mai ɗakin, ta buɗe ƙofa, ta matsa gefe ya fara shiga.