Tantabarun Baban Auta

Baban Auta bai san daɗin duniya a ko'ina ba sai a saman rufin gidansu. Makaniki ne, yini yake a ƙarƙashin motocin mutane, baƙin mai har cikin kunne. Amma da yamma in ya hau sama ya buɗe akurki, tantabarunsa suka tashi suna kewaya unguwa, sai ka ga ƙaton mutum yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Ba ya shan taba, ba ya zaman hira. Wannan ɗin ce kaɗai tasa.

Sai ƙirjin Auta, ƙaramar 'yarsa, ya fara toshewa. Likita ya ce ƙurar gashin tsuntsayen da kashinsu ne suke shaƙe ta. Ko tsuntsayen su bar gidan, ko wata rana a kawo yarinyar a makare.

Ya kwashe su ya kai wa wani abokinsa a bayan gari, ya juyo yana haɗiye hawaye. Kafin ya iso sun riga shi, ga su jere a kan rufi. Abin kunyar, daɗi ya ji har cikin ransa. Ya kai su can garin ƙanwarsa, suka dawo. Ya ɓalle akurkin, ya hana su hatsi, ya jefe su da takalmi, duk a banza. Shi ya koya musu hanyar gida, kuma bai yi koyarwar wasa ba.

Ran nan ya dawo daga gareji ya tarar da Auta jingine da bango, leɓunanta sun yi duhu, tana jan iska da ƙyar. Matarsa na riƙe da ita, ko faɗa ba ta yi ba.

"Baban Auta, na ga fuskarka jiya da suka sauka," ta ce. "Ba korarsu kake yi ba. Jiransu kake."

Tsoro ya kama shi, na yarinyar da na kansa. Ya ɗauki wuƙa a kicin ya hau sama.

Tantabarun suna can kan rufin maƙwabta, tun jifan takalmi ba sa matsowa sai ya kira. Ya tara baki zai yi musu fito, bakin ya bushe, sai iska. A ƙasa yarinyar ta sake sarƙewa da tari, uwar tana kiran sunanta.

Ya ɓoye wuƙar a bayansa, ya jiƙa leɓe, ya yi fiton. Suka taso gaba ɗaya, har suna rige-rigen sauka a kafaɗarsa.