Duwatsun Iyaka

Ruwan ya fara gangarowa kan bangon duwatsun ke nan wayar Nafi'u ta yi ƙara a aljihu. Bai ɗauka ba. Injiniya Priscilla na tsaye kusa da shi, hannu a ƙugu, tana kallon yadda ruwan ke bin tsagin kowane dutse yana zuba cikin kwamin wanka. Yau aka fara kunna injin.

Wata huɗu suna wannan aiki a sabon otal na bakin dam ɗin Kazaure, a sashen da masu hali za su riƙa zuwa a gasa musu jiki a yi musu tausa. Duk sauran ginin tayil ne da gilashi. Wannan bangon kaɗai ta dage sai dutse na ainihi, kuma ba wanda aka fasa jiya da nakiya ba. Wanda rana da ruwan sama suka shekara suna lasa take so, mai gansakuka a jiki, wanda in mutum ya jingina bayansa ba zai karce shi ba.

"Malam Nafi'u, hannunka akwai albarka," ta ce da Hausarta ta haihuwar Kazaure. Ta ƙara da cewa mai otal ya zo jiya ya gani, har ya ce ranar Asabar, wurin bikin buɗewa, zai damƙa masa aikin wanda yake ginawa a Kano.

Wayar ta sake ƙara, karo na uku. Inna Fatu ce, matar kawunsa Malam Halliru. Ya koma gefe ya ɗauka.

Ko gaisuwar ba ta bari sun gama ba. Ta ce Malam ya hana a gaya masa, amma ita ta gaji da shiru. Sati uku ke nan garinsu Kwarin Marke ba zaman lafiya. Da ruwan shuka ya sauka, Ukasha, maƙwabcin gonarsu, ya fito da shanun huɗa ya tarar babu ko ɗaya daga duwatsun iyakar da ke tsakaninsa da Malam. An kwashe su tas. Kuma an cike ramukan, an daddanne, an share, kamar ba a taɓa ajiye komai a wurin ba. Ukasha ya ce ɓarawo ba ya tsayawa cike rami, wannan hannun Halliru ne, so yake ya ci masa gona. Malam ya ƙi musantawa, ya ƙi rantsuwa, iyakarsa ya ce Allah ya sani. Yanzu in ya shiga gaba zai ja salla sai rabin sahu ya watse. Yau bayan azahar dagaci zai yanke magana: a bai wa Ukasha kunya bakwai daga gonar Malam har gindin tsamiya, Malam kuma ya sauka daga na'ibin liman.

"Kuma ya ce zai amsa," in ji ta. "Ka zo ka yi masa magana, ko kai zai ji taka."

Nafi'u ya juya ya dubi bangon. Ashirin da bakwai ne, ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ga mai faɗin nan da suke zama a kai su ci fura lokacin noman farko. Ga mai tsagi, wanda kunama ta taɓa harbinsa a gindinsa. Duk suna sheƙi a cikin ruwa, an ɗaure su da siminti.

A watan Maris ne. Ya yi kwana goma yana yawo tsakanin Roni da Gwiwa, duk dutsen da ya ɗauki hotonsa ya tura sai Injiniya ta ce ba shi ba. Sai ya tuna da na gida, ya je ya ɗauki hotonsu ya tura mata, ta ce su ne. Ranar kasuwar Gwiwa, gari ya watse, ya shigo da tifa ta bayan tsauni da lebura huɗu 'yan Kazaure, kafin la'asar sun gama. Ya gaya wa kansa cewa ai kowa ya san gonarsa, kuma kafin ruwa ya sauka zai kawo wasu ya jera. Aiki ya haɗiye shi, bai koma ba.

Cike ramukan kuwa bai ma yi tunani a kai ba, hannunsa ne ya yi. Tun yana ɗan shekara goma, bayan rasuwar mahaifinsa, Kawu ya ɗauke shi ya koya masa aikin dutse, kafin ciwon gwiwa ya mayar da shi gona da masallaci. Abu na farko da ya koya masa shi ne in ka ɗaga dutse ka cike gurbinsa ka danne, kada jakin wani ko saniyarsa ta karye. Duk garin an san Halliru da wannan, har tsokanarsa ake yi. Mutum biyu ne kacal ke aiki haka a duniya. In Ukasha ya manta da na biyun, Kawu bai manta ba. Shi ya sa ya hana a kira shi.

Nafi'u ya mayar da wayar aljihu. Ya zauna a kan buhun siminti.

Injiniya ta zo ta tambaye shi ko rasuwa aka yi. Ya so ya ce e, da ta ba shi izini ba tare da wata tambaya ba. Sai ya ji bakinsa yana faɗa mata komai.

Ta sa aka kashe injin, ruwan ya tsaya, wurin ya yi tsit.

"Na tambaye ka fa a lokacin," ta ce. "Na ga sun yi layi a hoton. Ka ce min na daji ne."

"Na ce haka, Madam."

Ta ce bangon ba zai rushu ba, ko da za a rusa duwatsun ba za su fito lafiya ba. Kuma ba za ta ɓoye wa mai otal ba, don in maganar ta iso masa ta bakin wasu ita ma aikinta ya tafi. Shi kuwa ya san mutumin, ba ya son a ambaci sunansa a gaban dagaci ko alƙali. Maganar Kano ya cire ta daga ransa. Sannan ta zaro wayarta ta yi ta dannawa. Shi ya goge hotunan tuntuni, ita nata na nan. Ta tura masa duka goma sha ɗaya, kowanne duwatsun na kwance a mazauninsu, ga tsamiya a baya.

"In ba za ka nuna su ba, kada ka ɓata man babur ɗinka," ta ce.

Ya hau babur ƙarfe ɗaya da rabi. Hanyar Roni ta sha ruwa jiya, gonaki dama da hagu duk an huɗe, gero ya fara tsira. Sau biyu yana tsayawa. A tsayuwa ta biyu har ya shirya wata magana mai kyau: zai ce ya ji labarin wasu masu tifa daga Kano na yawon satar duwatsu, hotunan kuma ya ɗauka ne bara don tunawa da gida. Kawu ya fita, iyaka ta dawo, shi ma asirinsa a rufe. Ya maimaita ta sau uku, ta zauna daram. Sai ya tuna a gaban wa zai faɗe ta. Kawu zai zauna ya saurare shi yana shirga ƙarya, ya kuma yi shiru, kamar yadda ya yi shiru sati uku. Ya tofar da yawu ya tada babur.

Ya tarar da ƙofar gidan dagaci cike. Dattawa a kan tabarmi, matasa a tsaye jikin katanga. Ukasha na zaune gefe guda, ya juya wa Kawu ƙeya. Shekara arba'in suna abota, a sati ɗaya aka ɗaura musu aure. Kawu ya rame, rawanin ya yi masa yawa, carbi na hannunsa amma ba ya ja. Dagaci na cewa tun da Malam Halliru ya ƙi rantsuwa, shi ba shi da abin yi, sai dai ya tambaye shi karo na ƙarshe ko ya amince da kunya bakwai.

Nafi'u ya cire takalmi, ya ratsa mutane ya durƙusa. Kawu ya ɗago ya gan shi, ya ɗan girgiza masa kai, kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."

Dagaci ya ce a bari manya su gama tukuna.

"Allah ya ba ka nasara, ni na kwashe duwatsun."

Kawu ya yi sauri ya ce yaron nan tausayinsa yake ji, kada a biye masa, shi ya riga ya amince, a rubuta kawai. Amma Nafi'u ya riga ya miƙa wayar. Ya faɗi ranar, ya faɗi ta inda tifa ta shigo, ya faɗi adadinsu. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe. Wayar ta bi hannu hannu. Wani dattijo ya nisanta ta daga fuskarsa ya ce tabbas, ga mai faɗin nan, ga tsamiya.

Dagaci ya tambaya ina duwatsun suke yanzu. Nafi'u ya yi ƙoƙarin bayani: ɗaki ne a otal, an yi bango da su, ruwa na zuba a kai, mutane za su riƙa shiga suna wanka ana matsa musu jiki. Wani daga cikin matasan ya tuntsire da dariya, aka harare shi.

Ukasha bai yi dariya ba. Ya juyo a hankali.

"Wato dutsen da kakana ya ɗauko a ka ya dasa da hannunsa, yanzu shi ke gadin masu kuɗi suna cuɗa baya?"

Ya ce da baƙo ne ya yi da sauƙi, amma yaron da ya ci tuwo a gidansa? Yaron da ya raka asibitin Kazaure a kan kekensa ranar da guduma ta fasa masa yatsa? Daga nan maganar ta maƙale masa, don ya dubi Kawu, ya kuma tuna irin abin da ya yi ta faɗa a kansa a majalisa da bakin rijiya. Ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Nafi'u zai hau tsauni ya sauko da duwatsu ashirin da bakwai, ba tifa ba lebura, ya dasa su inda hotuna suka nuna, a gaban Ukasha da Malam da shaidu biyu. Ba zai bar garin ba sai ya gama. Maganar na'ibi kuwa, dagaci ya ce shi bai ji an taɓa yin ta ba.

Ana haka ladan ya kira la'asar. Mutane suka miƙe suna karkaɗe riguna, kowa na kauce wa inda Nafi'u yake durƙushe. Kawu ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Nafi'u ya kai hannu, tsohon ya kama, ya miƙe, ya sake shi nan take.

"Sati uku ina haɗiye maganganu," ya ce a hankali, idonsa na kan hanya, "don kada a kira ɗan 'yar'uwata Kaltume ɓarawo a garin ubanta. Ka zo ka zubar min da shi a zama ɗaya."

"Kawu, ka yafe min."

"Wa ya kira ka? Fatu ko?"

Nafi'u ya kau da ido.

"Za ta gamu da ni," in ji Kawu, ya ɗingisa ya yi gaba.

Masallacin ya cika kamar ranar Juma'a, har da waɗanda suka yi sati uku suna salla a gida. Aka tada iƙama, gaba ba kowa. Kawu ya tsaya a sahun farko kamar kowa, hannu a baya, ya ƙi motsawa. Aka yi ta kallon-kallo. Can Ukasha ya yi gyaran murya, ba tare da ya dube shi ba.

"Malam, rana na tafiya."

Kawu ya ɗan jima, sannan ya taka ya shiga gaba. Ya juyo ya bi sahu da ido yadda ya saba, a daidaita kafaɗa, a rufe giɓi. Idonsa ya wuce har bakin ƙofa, inda Nafi'u ya tsaya shi kaɗai kusa da takalman mutane.

"Ba a salla a nan," ya ce. "A matsa masa."

Sahun ya tsaya ƙiƙam. Wannan ya dubi tabarma, wancan ya gyara hula. Sai Ukasha, fuska a ɗaure, ido a alƙibla, ya ja ƙafarsa ta hagu ya matsa kaɗan, daidai wurin mutum ɗaya.